Mu daina miƙa wa juna Piriton

A wata walimar suna da aka yi a unguwar Misfala da ke Makka, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, wata mai goyon fari ta kawo kukanta gaban mata. Ɗan nata watansa takwas, kuma da liman ya kabbara salla sai ya ɓare baki. Tana son ta samu tarawihi a Harami, ta rasa yadda za ta yi da shi. Wata dattijuwa da ke kusa da ita ta dafa ta, ta ce, “Ke 'yar nan, wannan ne abin damuwa? Ki ɗura masa rabin cokali na Piriton bayan Magariba, har a yi wutiri ba zai motsa ba. Haka muka raini iyayenku.” Mata suka gyaɗa kai. Wata ta ƙara da cewa ita Phenergan take bayarwa, ya fi kama jiki.

Na ce, “Goggo, Allah ya huci zuciyarki, amma ba a ba wa jariri wannan maganin.” Ba ta ji haushi ba. Ta dube ni ta ce, “Shekara nawa muna bayarwa? Wa ya mutu?” Har ga Allah da zuciya ɗaya ta faɗa, so take yarinyar ta samu ladan salla. Wannan zuciya ɗayan ce ta fi tayar min da hankali, domin da ita ake miƙa ƙwayar nan daga hannu zuwa hannu a gidajenmu na Makka da Jidda da Madina, ba tare da an tambayi wanda ake miƙa wa shekarunsa ko sana'arsa ba.

Ra'ayina shi ne: tsofaffin magungunan hassasiyya, wato atishawa da ƙaiƙayin da ke tasowa idan jiki ya haɗu da abin da ba ya so, waɗanda ke sa barci, magunguna ne na gaske, suna da amfani, ba na kiran a hana sayar da su. Amma lokaci ya wuce da za su zama abin da hannu ke fara kaiwa gare shi da an yi atishawa. Akwai waɗanda suka fi su aminci, suna nan a kowace saidaliyya, wato shagon sayar da magani. Kuma mutanen da muka fi ɗura wa tsohon maganin, wato jariri da direba da tsohon da ya zo sauke farali, su ne ya fi yi wa ɓarna.

Maganin da nake magana a kai sunansa kulofeniramin. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya san shi da Piriton, 'yar ƙaramar ƙwaya rawaya. A saidaliyyar Saudiyya za a iya miƙo maka shi da sunan Histop. Yana da 'yan uwa na gida ɗaya: difenhaidiramin da ke cikin Benadryl da Panadol Night, furometazin da ake kira Phenergan, da sifuroheftadin da ake kira Periactin. Sababbin kuwa su ne loratadin, setirizin da fegzofenadin, waɗanda ake sayarwa da sunaye irin su Claritine, Zyrtec da Telfast.

Aikin da yake yi a jiki ba shi da wuyar fahimta. Idan ƙura ta shiga hanci, ko sauro ya yi cizo, ko mutum ya ci abin da jikinsa ba ya so, jiki yana sakin wani sinadari mai suna histamin. Shi ke kawo atishawa da yoyon hanci da jan ido da ƙaiƙayi da borin jini. Maganin yana tare wa histamin hanya, sai abin ya lafa. Sai dai histamin yana da wani aikin a cikin ƙwaƙwalwa, yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke cikin hayyacinsa. Tsofaffin magungunan suna ratsawa har ƙwaƙwalwa su tare shi a can ma. Ban da haka suna busar da baki, su riƙe fitsari da bayan gida, su rage zufa, su sa gani ya yi hazo. Sababbin an yi su ne yadda abin da zai kai ƙwaƙwalwa daga cikinsu ɗan kaɗan ne.

“Wa ya mutu?”

Tambayar Goggo ta cancanci amsa, domin ita ce hujjar kowa.

Gaskiya ne maganin ya daɗe. A 1937 Daniel Bovet da Anne-Marie Staub suka gano na farko a wannan dangin, a cibiyar Pasteur da ke Faris. Benadryl ya shiga kasuwar Amurka a 1946, kulofeniramin ya biyo baya a 1949. Amma daɗewar tana da wata fuska da ba ma kallo. An yi musu rajista ne tun kafin a fara tilasta wa kamfanoni irin gwaje-gwajen da ake yi wa sabon magani a yau, dokokin da sai bayan 1960 suka tsananta. Sun shigo gidaje ne tun ƙofar tana buɗe, aka saba da su, sabo kuma ya zama shaidar aminci a idon mutane.

Sannan illar wannan maganin ba ta zuwa da sunansa a goshi. Idan direba ya yi gyangyaɗi ya sauka daga kwalta, cewa za a yi gajiya ce. Idan tsohuwa ta zame a banɗaki ta karya ƙugu, cewa za a yi tsufa ne. Idan jariri ya kwana bai nemi nono ba, sai a yabe shi da haƙuri. Ba wanda zai buɗe jaka ya ga abin da aka sha a daren jiya. Saboda haka idan aka ce ba a taɓa ganin wanda ya cutar ba, abin da ake nufi shi ne ba a taɓa dangana cutar da shi ba.

Masu bin diddigi kuwa sun dangana. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kulofeniramin daga jerin magungunan da take ganin wajibi ne kowace ƙasa ta tanada domin hassasiyya, ta sa loratadin a gurbinsa, tare da yarda cewa tsohon yana iya amfani a wasu 'yan wurare. Wannan jerin ba don masu kuɗi aka yi shi ba. An yi shi ne domin asibitin ƙauye, irin wanda iyayenmu suka bari a gida.

Jaririn da aka sa barci

Takardar da ke cikin kwalin Piriton na ruwa a Ingila ta ce kada a ba wa yaron da bai kai shekara 1 ba. Phenergan ya fi tsanani: ba a ba wa wanda bai kai shekara 2 ba, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗinta mafi girma, saboda an samu yaran da numfashinsu ya yi ƙasa har suka rasu. A 2009 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce magungunan tari da mura masu ɗauke da irin waɗannan sinadarai kada a ba wa yaro ƙasa da shekara 6. Babu kuma wata takarda a ko'ina da ta ce a ba wa yaro mai lafiya domin ya yi shiru.

Ku duba halin da ake son a sa wannan jaririn. An ɗura masa magani da cokalin shayi, wanda na wannan gida bai kai na wancan ba, ko ya fi shi. An goya shi, an lulluɓe shi da abaya, an kutsa da shi cikin cunkoson Ramadan. Uwar tana tsaye a sahu na tsawon lokaci, ba ta ganin fuskarsa. Kuka shi ne kaɗai bakin da yake da shi na cewa ina jin ƙishi, zafi ya yi min yawa, kunnena na ciwo. An rufe wannan bakin, an kuma rage masa zufar da za ta sanyaya masa jiki.

Wasu yaran ma ba barcin suke yi ba. Maganin yana juye musu, su yi ta zabura da fizge-fizge da kukan da ba a san kansa ba. Sai uwa ta ɗauka bai isa ba ne, ta ƙara. Idan ya yi yawa a jikin yaro yana kawo bugun zuciya da sauri, zafin jiki, da jijjiga. Garin neman gira a rasa ido.

Ba na raina son ibadar kowa, kuma na san abin da ake ji idan ana zaune a Makka amma goyo ya hana zuwa Harami, alhali wasu sun sayar da gona don su zo kwana goma. Amma tarawihi nafila ce, kiyaye ran yaro kuwa wajibi ne. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwarsa. Sallar aka taƙaita, ba yaron aka rufe wa baki ba. Maƙwabta biyu za su iya yin karɓa-karɓa, yau wannan ta riƙe yara, gobe waccan. Maigida ma zai iya riƙe ɗansa dare ɗaya cikin uku, ba abin da zai rage masa.

Mai shayarwa ita ma ta sani, abin da ta sha yana bin nono. Idan hassasiyya ta dame ta, loratadin ko setirizin ne likitoci suka fi zaɓar mata. Mai ciki kuwa kada ta sha ko wanne sai ta tambaya.

“Ni ba ya sa ni barci”

Wannan maganar maza ce, kuma yawanci masu tuƙi. Da yawa daga cikin mazanmu a nan da sitiyari suke ci: masu ɗaukar 'yan Umara daga Makka zuwa Madina ta hanyar Hijira, tafiyar da ta haura kilomita 400 a miƙe cikin sahara, masu hawa dutsen Hada zuwa Ɗa'if da kwanoninsa, direbobin gidaje masu kai yara makaranta da sassafe, da samarin da ke kai saƙon abinci a kan babur. Ranar da iska ta taso da ƙura, ko mukayyif ɗin mota, wato na'urar sanyaya iska, ya daɗe ba a wanke shi ba, sai hanci ya fara zuba. A tsaya a mahaɗɗa, wato tashar bakin hanya, a haɗiye ƙwaya ɗaya da shayi, a koma kan hanya.

A shekarar 2000 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka. An sa direbobi 40 a na'urar da ke kwaikwayon tuƙi, aka gwada su bayan sun sha difenhaidiramin miligiram 50, da bayan sun sha giya har ta kai matakin da doka ke kiran mutum bugagge, da bayan sun sha fegzofenadin, da bayan ƙwayar da ba komai a cikinta. Tuƙin da aka yi bayan tsohon maganin hassasiyya ya fi na bayan giya lalacewa. Na fegzofenadin kuwa bai bambanta da na wanda bai sha komai ba. Abin da ya fi muhimmanci a sakamakon shi ne, jin barci ko rashin jinsa bai nuna wanda tuƙinsa ya lalace ba. Mutum yana iya rantsuwa idonsa biyu, kuma gaskiya yake faɗa, amma ƙafarsa ta makara wajen taka birki.

A cikinmu babu wanda zai yarda ya sa iyalinsa a motar wanda ya sha giya. Ko warinta aka ji, an gama magana. Amma mu da kanmu muke zaro ƙwaya daga jaka mu miƙa wa direban da ke atishawa, muna yi masa sannu.

Wani zai ce shi da dare yake sha, kafin ya kwanta. Kulofeniramin ba ya barin jiki da wuri. A jikin babba, bayan kimanin awa 20 rabin abin da ya sha yana nan a jininsa. Ƙaiƙayin yana dawowa bayan awa huɗu zuwa shida, shi ya sa ake maimaita sha, amma nauyin kan yana kaiwa gobe. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ba ta barin matuƙin jirgi ya tashi sai ya yi awa 60 bayan shan difenhaidiramin, kwana 5 bayan kulofeniramin. Loratadin da fegzofenadin kuwa ta yarda da su. Mai ɗauke da alhazai hamsin a bas rayukan da ke hannunsa ba su fi na jirgi arha ba.

Ba direba kaɗai ba. Mai aikin gini a saman bene, mai yankan nama da injin, mai walda, har ɗalibar da za ta shiga jarrabawa da safe, duk maganar ta shafe su. Mata ma tun 2018 suna tuƙi a ƙasar nan.

Alhaji da Hajiya

A nan ne abin ya fi ci min rai, domin kowace shekara muna karɓar iyayenmu daga Najeriya da Nijar da Ghana da Sudan, kuma da wuya a ga jakar da babu ƙullin magani a cikinta. Murar Hajji kuwa ba ta barin kowa. Ga cunkoso, ga sanyin mukayyif a ɗaki, ga zafi a waje. Da an fara tari a masauki sai ƙullin ya buɗe, kowa ya ba ɗan uwansa.

Jikin tsoho ba ya sarrafa maganin kamar na yaro matashi. Babba yana iya shan miligiram 4 duk bayan awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce miligiram 24 a yini, amma ga tsoho an rage iyakar zuwa miligiram 12. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka tana da jerin magungunan da take shawartar a kauce musu ga wanda ya kai shekara 65, jerin da likita Mark Beers ya fara fitarwa a 1991, kuma wannan dangin gaba ɗaya yana ciki.

Dalilan a aikin Hajji ake ganin su ƙuru-ƙuru. Maganin yana rikita tsoho. Dattijon da ya san lambar tantinsa a Mina da rana, da dare ya fita kama ruwa, ya tsaya bai san gabas ba bai san yamma ba, a cikin tantuna dubbai masu kama ɗaya. Dattijon da dama fitsari ke yi masa wuya saboda kumburin furostet, ƙullutun da ke kewaye da hanyar fitsarin namiji, maganin yana iya ɗaure masa shi gaba ɗaya, sai an kai shi asibiti an sa masa roba. Mai irin hawan jinin ido da hanyar ruwan idon ke toshewa, ƙwayar na iya tayar masa da ciwon a dare ɗaya. Ga jiri a kan marmara mai santsi. Ga bushewar baki ga wanda dama ba ya son shan ruwa don gudun layin banɗaki.

Sai zufa. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da izinin Hajji ba. Allah ya jiƙansu. Ban ce ƙwaya ce ta kashe su ba, rana ce. Abin da nake cewa shi ne zufa ita ce hanyar da jiki ke kare kansa daga irin wannan rana, kuma bai dace a ba wa tsoho abin da zai rage masa ita a daren da zai wayi gari a Arfa, ko zai taka zuwa jifa ba.

Akwai kuma tsofaffinmu mazauna, waɗanda suka mayar da ƙwayar maganin barci na kullum. Jiki yana sabawa da barcin nata cikin 'yan kwanaki, sai ta daina sa barcin, illar kuma ta ci gaba. A 2015 an fitar da sakamakon wani bincike da ya bi tsofaffi fiye da 3,400 a yankin Siyatil na Amurka tsawon shekaru. Waɗanda suka fi yawan shan magungunan da ke da wannan halin na busar da jiki, har da tsofaffin magungunan hassasiyya, kwatankwacin kullum na shekara uku ko fiye, sun fi sauran kamuwa da cutar mantuwa da kashi 54 cikin 100. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa maganin ne sanadi ba. Amma ni wannan ya ishe ni in ce wa mahaifiyata ta bari a nemo abin da ke hana ta barcin, ko ciwon gwiwa ne, ko shayin dare, ko tunanin gida.

Araha da ƙarfi

Hujjar kuɗi ita ce wadda na fi girmamawa. Ba kowa ke da inshora ba. Akwai 'yan uwanmu da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu, ko ba su taɓa samu ba, waɗanda zuwa mustausaf, wato ƙaramin asibiti, yake musu kamar kai kansu. Saidaliyyar bakin layi ita ce asibitinsu, kuma riyal ɗaya yana da nauyi a hannunsu. Wanda ke cikin wannan hali ba a yi masa wa'azin ya je ya ga likita a wuce.

Amma a yi lissafin da kyau. Tsohon maganin ana shan sa sau uku ko huɗu a yini. Loratadin ko setirizin ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 10, ta wadatar har gobe. Kuma sun daɗe da fita daga hannun kamfani ɗaya, setirizin tun 1987 yake kasuwa, loratadin tun 1988, kamfanoni da yawa suna yin su har a cikin ƙasar nan. Ba dole ne a sayi mai babban suna ba. A ce wa saidali ya kawo mai araha wanda ba ya sa barci. Idan aka haɗa da yinin aikin da nauyin kai ke cinyewa, ban ga arahar da ake magana ba.

Masu cewa sabon ba shi da ƙarfi kuwa, da barci suke auna ƙarfi. Mun saba idan magani bai kayar da mutum ba, bai yi aiki ba. Aikin da aka saye shi domin shi shi ne ya tsayar da atishawa da ƙaiƙayi, kuma sababbin suna yin wannan. Idan hanci ne ya toshe wata da watanni, dukansu biyun ba su ne gwanaye ba, maganin feshin hanci da wanke hanci da ruwan gishiri sun fi su. Idan ƙirji ne ke kuka, wannan maganar asma ce, Piriton ba ya buɗe hanyar numfashi. Idan mura ce ta yau da kullum, ɗan sauƙin da yake kawowa bai wuce na kwana ɗaya ko biyu ba.

Wani abin kuma a cikin gida yake. Mu mata muna son turaren wuta, ni ma ina so, amma ɗaki a rufe, mukayyif na juya hayaƙin, ga kafet da labulen da suka sha ƙura, ga kyankyaso a kicin, ga danshin Jidda. Yaron da ke kwana a nan yana atishawa, kafin a kai ga kwalba a fara buɗe taga a wanke matatar mukayyif.

Sababbin ma ba tsarkakakku ba ne. Setirizin yana sa wasu barci, don haka direba ya fara gwada shi ranar da ba ya aiki. Mai ciwon ƙoda ko hanta sai an daidaita masa adadi. Akwai ma na farkonsu, tafenadin, da aka janye daga kasuwa kafin shekarar 2000 saboda yana rikita bugun zuciya. Tsohon kuma yana da wurinsa: babban mutum mai lafiya da borin jini ya hana shi runtsawa kuma gobe ba zai tuƙa ba, yaron da ya haura shekara da ƙaiƙayin ƙaranbau ya dame shi idan likita ya auna masa, mai amai a mota ko jirgi, da allurar da ake yi a asibiti. A waɗannan wuraren akwai wanda ya duba, ya auna, ya ce kwana kaza.

Inda ake faɗawa rami ba a sani ba shi ne magungunan mura na haɗe-haɗe. Da yawansu akwai kulofeniramin a ciki. Mutum ya sha na mura, ya ƙara da Piriton don atishawa, ya ɗora da na tari na ruwa, da dare kuma ya sha mai sa barci. Magani ɗaya ya sha sau huɗu da sunaye huɗu. Idan akwai wani abin mai kwantar da jiki a tare, irin su kodin ko taramadol, haɗarin ya ninka. Kuma 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki su sani, sifuroheftadin da ke cikinsa ɗan gidan nan ne, barcin da kasalar da suke ji daga nan suke.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Saidali ya tambayi mai saye wa zai sha, shekarunsa nawa, kuma yana tuƙi. Idan bai tambaya ba, mai saye ya faɗa da kansa, ko da Larabcinsa bai nuna ba: akwai mai sa barci a ciki? Hukumomin alhazai da ke yi wa maniyyata bita a gida su sa wannan a cikin darasin, da Hausa, yadda ake koya musu ɗaura harami. Malaman da ke karantar da mata a unguwanni su faɗe shi kafin Ramadan, domin maganar malama tana shiga inda tawa ba ta kai ba.

Inda ƙwayar ba ta da amfani ko kaɗan

Akwai hassasiyyar da ba ta jira. Mutum ya ci gyaɗa ko jatan lande, ko an yi masa allurar fenisilin, ko zuma ta harbe shi, ko baƙar tururuwar nan da ake kira samsum a ƙasar nan, wadda likitocin Saudiyya suka rubuta rahotanni a kan yadda harbinta ke kayar da mutane. Cikin mintuna leɓe da harshe su kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, jiri ya ɗebe shi. A irin wannan hali mutanenmu Piriton suke nema, su ba shi, su zauna jiran ta yi aiki.

Ba za ta yi ba. Ƙwayar tana ɗaukar rabin awa ko fiye kafin ta fara aiki, kuma ko ta fara, ƙaiƙayin fata kawai za ta rage. Ba ta buɗe maƙogwaro, ba ta ɗaga jinin da ya faɗi. Barcin da za ta kawo ma yana iya ɓoye cewa mutumin tafiya yake yi. Maganin wannan hali allurar adiranalin ce a cinya, nan take. Shi ya sa a 2021 majalisar da ke tsara ƙa'idojin ceton rai a Birtaniya ta cire magungunan hassasiyya daga matakin farko na wannan taimakon.

A kira motar agajin gaggawa ta Hilal Ahmar a 997, ko 911. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, idan numfashi ne ya fi yi masa wuya a bar shi ya zauna, amma kada a tayar da shi tsaye ko a sa shi tafiya. Maganar iƙama a ajiye ta sai yana numfashi. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi ya nemi likita ya rubuta masa allurar adiranalin ta aljihu, ya koya wa mutanen gidansa yadda ake soka ta, idan an yi ta farko minti biyar ba sauƙi a yi ta biyu. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti, domin abin yana iya dawowa bayan wasu awanni.